Matakalar da Ba Ta Kai Soro Ba

Dab da magariba Chindo ya dawo daga rijiya da garwa biyu, ruwan kwaɓin gobe. Kwana huɗu ke nan yana gina matakala a tsakar gidansa na Dogarawa, don matarsa Uwani ta huta da hawan tsani in za ta shanya kuɓewa bisa soro. Shekara shida ya yi yana dakon siminti a Malbaza, sai ya ɗauka ƙurar da ya shaƙa ta mai da shi magini. Don zumuɗi, bai ko gama ginin ba ya bi shi da shafe.

A bakin zaure ya tarar da Kawu Barmo, tsohon maginin garin, fuska a murtuke.

"Taki nawa kay yi?" in ji Barmo.

"Tara. Saura huɗu in kai soro."

"To aza ƙaya bisa na ƙarshe kahin rana ta hwaɗi. Ba a barin hanyad da ba ta kai ko'ina ba buɗe. Akwai masu bin ta."

Chindo ya yi tsaki. "Kawu, wanga siminti na, ba laka ba. Haushi dai kaka ji ban kira ka ba."

Barmo ya tofar da yawu. "Don uwakka ƙanwata ta nib buɗe baki. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho." Ya ja sandarsa ya wuce.

Ladan ya ɗaga murya. Uwani na madafa, hayaƙin kara ya cika gidan. Chindo ya duƙa zai yi alwala, sai ya lura kaji sun yi tsit. Akuya ta ja igiyarta har ta maƙale a kusurwa. Ƙanshin ɗanyen siminti ya gushe, wani wari ya maye shi, irin na tsohuwar rijiya.

Sai ya ji taku a bayansa. Daga sama yake saukowa, can bisa taki na tara, inda babu komai sai iska.

Ya waiga. 'Yarsa Kyauta, mai shekara huɗu, tana kan taki na bakwai. Hannunta na dama a ɗage, yatsu a naɗe, kamar wani babba na riƙe da shi.

"Kyauta," ya ce cikin raɗa. "Sauko."

Ba ta waigo ba. "Baba, ta ce in taho."

Ta taka na takwas. Ta taka na tara. Ta ɗaga ƙafa ta aza a kan iska, ƙafar kuma ta zauna daram.

Chindo ya hau da gudu, siminti na nutsewa ƙarƙashinsa. Ya cafke idon sahunta.

Aka ja ta daga sama.

Ya ja. Aka ƙara ja. Sanyi ya bi hannunsa har haƙori.

Muryar wata tsohuwa ta hura masa a kunne: "Kai kab buɗe. Saki."

Ya nemi Ayatul Kursiyyu, harshe ya ƙi. Bismillah kaɗai ta fito.

Aka saki. Suka faɗo tare, yarinyar bisa ƙirjinsa, kafaɗarsa ta ce ƙas.

Gari na wayewa ya ɗauki guduma da hannu ɗaya. Barmo, wanda Uwani ta kirawo tun asuba, ya riƙe ƙotar, ya nuna masa shafen da ya bushe. Ga sawun Kyauta, ga nasa. Ga kuma wani sawun, dogo siriri, bisa nasu, ya sauko duk taki taran, ya bi ƙasa zuwa ƙofar ɗaki. Babu na komawa.

"Rushe ta mana, magini," in ji Barmo. "Ka ga sai mai sawun ta rasa hanyag gida, ta zamna da ku."

Ranar suka kwashe zuwa Tajaye, gidan iyayen Uwani. Barmo ya riƙa barbaɗa toka kan matakalar kullum da yamma, ya duba da safe. Har ya rasu bai ga sawun hawa ba.

Chindo bai yi mamaki ba. A Tajaye, duk magariba, Kyauta takan bar wasa ta ɗaga hannun dama, yatsunta su naɗe a hankali.