Kwanon Ranar Tuda

Ranar da dabino na biyu ya bushe, Tuda ta durƙusa a gindinsa tana tona ƙasa da farce, wai ko za ta tarar da danshi... Ina! Ƙasa ta tsage kamar dunduniyar tsohuwa. Marainiya ce, ba uwa ba uba, ba miji, kuma duk abin da mahaifinta ya bar mata a wannan ƙauye namu na kudancin Maroko shi ne lambu mai dabino bakwai a can ƙarshen magudana, da rabon ruwa kwano huɗu duk bayan kwana tara. Kowa ya san yadda ake yi: a ɗora kwanon tagulla mai huji a gindi bisa ruwan baho, in ya cika ya nutse kwano ɗaya ya tafi ke nan, in rabonka ya ƙare a toshe bakin lambunka da laka a buɗe na wani. Mai riƙe da kwanon kuwa Bassu ne, ƙanin mahaifinta uwa ɗaya uba ɗaya. Ku riƙe sunan nan da kyau!

A zamanin ubanta kwano huɗu na shayar da dabinon duka, har a samu na albasa da na'ana'a. Tun da aka binne shi, ruwa ba ya wuce bishiya ta huɗu. Sai ta buɗe magudana, ta juya ta gyara laka, ta ji muryar Bassu daga inuwar katanga: "Ya nutse! Toshe!"

"Baffa, tun yanzu?"

"Ke, da idonki kika ga ya nutse ko da nawa? In aikin lambu ya fi ƙarfinki ki bar mini shi, ki dawo gidana ki riƙa murza mana kuskus, ba za ki rasa abin kaiwa baki ba."

Ta toshe. Zuciyarta na raya mata akwai wani abu, amma mene ne? Kwano dai ga shi, ruwa ga shi, a gaban jama'a ake yi. Ta zargi ɓeraye, ta bi magudana taku-taku tana neman rami, babu. Ta zargi maƙwabcin lambunta, ta dawo ta yi istigfari. Har kanta ta zarga, baiwar Allah, wai ko wani zunubi ta yi!

Da ta ƙi sakin lambun sai aka canja mata salo. Wata safiya aka tarar an fasa magudana daidai bakin lambunta a ranar rabon wani, ruwa ya malale a banza cikin yashi. Kafin azahar magana ta zaga gari: Tuda ɓarauniyar ruwa ce! Matan da suka ci burodi a gidan uwarta, su ne suka riƙa janye tulunansu in ta zo rijiya. A gidan wanka aka bar mata lungu ita kaɗai. Wata ma cewa ta yi ai idonta ne ya busar da dabinon, don haka a ɓoye yara. Munafukai! Wa ya gan ta? Babu. Wa ya tambaya? Babu.

Dattawa suka zauna a ƙofar masallaci, Bassu na matse ido kamar mai hawaye, yana cewa, "'Yar ɗan'uwana ce, amma gaskiya ɗaya ce." Aka yanke cewa in an sake, za a ƙwace rabonta shekara guda. Shekara guda ba ruwa! Ko dutse ne ai ya mutu.

Da yamma Bassu ya tare ta a hanyar lambu, ba kowa sai su biyu. "Kin ji dai. Magudana kuma ba ta da wuyar fashewa. Ruwan garin nan a hannuna yake, dattawa shayina suke sha. Kafin Juma'a ki zo ki ce kin ba ni lambu, in ba haka ba wallahi sai kin bar garin nan da ƙafa."

Hawaye na zuba, amma ta ɗaga kai. "Baffa, kwano ne a hannunka. Ruwan daga dutse yake fitowa, kuma ba kai ka ce ya fito ba. In Allah Ya rubuta dabinon babana za su mutu, ko ka ba ni kwano ɗari za su mutu. In bai rubuta ba, kai ba ka isa ba."

Tsohuwa Itto, maƙwabciyarta, ta riƙe ta tana kuka: "'Yar nan, ba shi! Mutumin nan ba ya tsoron Allah. Ko mu je wajen mai rubutu a ɗaure masa baki." Tuda ta ce, "Inna, in na ji tsoronsa na mai da shi abin da ba shi ba ne. Na kai ƙara inda ba a shan shayin kowa." Daga ranar ta riƙa ɗauko ruwan shanta daga rijiya, tulu-tulu a gadon baya, tana zuba wa bishiyoyin ƙarshe, tana faɗin Hasbunallahu wa ni'imal wakil, har igiya ta yanka mata kafaɗa... Laraba ta wuce, Alhamis ta zo.

Ranar Alhamis ɗin rabon liman ne. Da hantsi Bassu ya sa hannu cikin tarin laka, baƙar kunama ta galla masa harbi, aka kwashe shi sai asibitin gari yana kumfa. Ruwa kuwa ba ya jiran mai jinya. Dattawa suka taka har ƙofar gidansa, liman ya yi sallama ya ce wa matar Bassu ta miƙo kwano. Ita kuwa baiwar Allah ba ta san komai ba, hankalinta na kan miji, sai ta ɗaga murya daga cikin gida: "Malam, wanne? Na kullum, ko na ranar Tuda?"



"Kawo su duka, 'yata," in ji liman.

Kwanuka biyu, iri ɗaya sak, har tabon gefe! Aka ɗora su tare bisa baho a tsakiyar gari, maza da mata sun yi da'ira. Ɗaya bai kai rabi ba ɗayan ya yi ƙasa, ɓul! Ashe an sa kibiya an faɗaɗa wa na ranar Tuda huji. Shekara biyu, jama'a, shekara biyu Bassu yana yanke wa marainiya rabin ruwanta da hannun da yake alwala da shi! Liman ya dafe kai yana salati. Tuda kuwa goshinta kawai ta kai ƙasa, a nan cikin laka, kafaɗunta na jijjiga.

Bassu bai mutu ba, Allah Ya bar shi ya gani. Ya dawo da hannu a shanye, an karɓe kwano, an juya rabin rabonsa zuwa lambun Tuda har shekara huɗu, kuma shi da bakinsa ya amsa cewa shi ya fasa magudana. Yau in ya zauna a ƙofar masallaci, mutane matsawa suke yi. Dabino biyar suka rayu, bana har sai da aka tokare musu nono don nauyi.

Amma ni ban huce ba. Biyun da suka mutu wa zai tashe su? Kuma ku matan rijiya, ku masu janye tulu, har yau ban ga wadda ta taka ƙofar yarinyar nan ta ce "yafe mini" ba. Ita ta ce ta yafe tun tuni. Ita ke nan! Ni na san ku ɗaya bayan ɗaya, kuma hanyar gidanta ba ta ɓace muku ba.