Kalmar da Ta Kori Sadisu

A matakalar gidansu da ke unguwar Hindawiyya, can ƙasa mai tsarki, Saudat ta fara ganin Sadisu, ɗan Maraɗi mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ɗauke da ɗaya a kafaɗa. Garin ba ta hanya ya kusa faɗuwa.

Tun da aka rushe musu gida a Nakkasa ƙawayenta suka watse. Daga ita sai keken ɗinki, sai wayar da take koya wa kanta Turanci, kalma biyar kullum, ba mai saurare. Sai Sadisu ya fara turo saƙo:

"Tauraruwata, yau me muka koya?"

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Baba Dawuda ya ce sam. "Gobe iƙamarsa ta zama a ƙasar nan ta ƙare, ya tafi mini da ke?" Shi Fahad yake so, ɗan amininsa, wanda ya yi wata shida yana karɓar baƙi a otal, "na gode" ta gagare shi, sai Turanci.

Ranar wata Laraba saƙo ya shigo: "Tauraruwata, mene ne intrude?"

Ta ji daɗi an tambaye ta. "Kutsa kai inda ba a son ka."

"Na gane."

Shi ke nan. Mako uku shiru. Ta yi ta ɗinki tana warwarewa.

Rannan Baba na cin shinkafa daga shi sai singileti, Fahad ya faɗo falo ba sallama, turare na gaba yana baya.

"Ammi, let me intrude myself officially," ya ce wa Baba, wai gabatar da kansa yake.

"Ai ka yi," in ji Saudat daga bayan labule. "Introduce kake nema."

"Na san kalmar mana. Ita na jefa wa mai gyaran nan, na ce ke kika ce."

Baba ya janye farantinsa. "Da bakin 'yata ka yi ƙarya? Ƙofar da ka shigo tana nan." Ya juya wajen labule. "Yaron ya turo manya. Maraɗi ma gari ne."

Ta ɗauko waya ta rubuta wa Sadisu: "Ma'ana ka tambaya na ba ka, habibi, ba da kai nake ba. Wanda ake jira ba ya intrude. Baba ya yarda."

"Kawuna na zuwa bayan Juma'a. Wallahi ko abinci ban ji daɗinsa ba, tauraruwata."

Bayan babbar Sallah aka ɗaura aure. Baba ya dafa kanta ya ce: "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa kada ki ƙara zama ke kaɗai."

Kowa ya ce amin, har da Fahad, wanda ba a gayyata ba.