Kayan da Baƙin Aulis Suka Sauke

Aulis Kettunen bai taɓa sanin yunwa ba. Gara in faɗi wannan tun farko, kada wani ya ji labarinsa ya ce talauci ne ya tura shi. Ubansa Veikko ya miƙa masa shanun madara, da daji cike da itacen katako, da fili mai kyau a bakin tafki ta gabas. Yana da mata, Tuovi, mace mai aiki da yawan dariya, da 'ya guda mai suna Hilla. Abin da ya hana shi sakat shi ne motocin mutanen Helsinki da ke wucewa ta ƙofarsa duk bazara, kwale-kwale ɗaure a sama, kekunan yara a baya, suna nufar ɗakunan hayar maƙwabcinsa Raimo a ɗaya gaɓar.

Sai ya sayar da shanun, ya sa aka kwantar da rabin dajin, ya gina gidan hutu irin wanda ba a taɓa gani a yankinmu ba. Gungumen itace kowanne ya fi ƙugun mutum kauri, bangon da ke kallon ruwa gilashi ne zalla, ga ɗakin sirace a bakin tafki, ga gadar katako ta shiga ruwa don yara su riƙa tsalle.

Tsoho Veikko ya zagaya shi da sandarsa, ya ce, "Bangon gilashi! Su ne za su kalli kifi, ko kifi ne zai kalle su suna canza wando?"

"Baba, haka masu kuɗi ke so."

"To ina masu kuɗin?"

Bazara ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Baƙi kaɗan suka zo, suka yaba, suka yi ƙorafin sauro, ba wanda ya dawo. Motoci suka ci gaba da wucewa wajen Raimo.

Wata Lahadi da safe, mutane na coci, Aulis ya tura kwale-kwale ya nufi tsibirin da tsohuwa Kerttu mai ƙaho ke zaune ita kaɗai. Duk garin nan ba wanda bai taɓa kai mata ciwon baya ba. Amma kowa ya san akwai masu kai mata wani abin daban, kuma su ba sa ba da labari.

Ya same ta tana ɓare dankali a bakin ƙofa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ɗan Veikko, tafiyarka ba ta mai ciwon baya ba ce."

"Gidan hutuna ne ba lafiya, Goggo. Ina so duk wanda ya kwana a ciki ya tashi yana marmarin dawowa."

Ta ajiye wuƙar. "Ka ci abinci yau?"

"Na ci."

"Jiya fa?"

"Goggo, ba wasa ya kawo ni ba."

"Na sani. Shi ya sa nake tambaya." Ta miƙe da ƙyar. "Biyo ni."

Ɗakin siracenta irin na dā ne, marar mafitar hayaƙi, bangonsa baƙi ƙirin kamar cikin tukunya. A bayansa akwai wani busasshen itace da aka rataye wa ƙoƙon kawunan namun daji da muƙamuƙan manyan kifaye, duk sun yi fari fat, duk suna fuskantar ruwa. A gindinsa dutse ne mai 'yan ramuka, kowane rami da busasshen abu ja a ciki. Tsuntsaye na ta kuka a ko'ina cikin tsibirin, ban da kan itacen nan.

Ta sa shi ya tuɓe ya kwanta rub da ciki a kan benci. Ta tsaga masa baya, ta kafa ƙahonni, ta zuƙa. Yana jin jininsa na ɗiga cikin akushi.

Ta ce, "Kyau ba ya dawo da baƙo. Raimo ma yana da ruwa da itatuwa. Amma kowane baƙo da kayansa yake zuwa, ba na cikin jaka ba, wanda ke cikin jiki da zuciya. In kana so, zan sa su sauke shi a wurinka su tafi sakayau. Mutumin da ya ji haka ko korarsa ka yi sai ya dawo."

"Me zan biya?"

"Ni? Kawo min kofi in ka tuna. Ba ni ke karɓa ba."

"To wa?"

"Kayan da aka sauke ba ya zama a ƙasa, ɗan Veikko. Sai an ɗauka."

"Wa zai ɗauka?"

"Gida."

Aulis ya tuna gungumen da ya jera da harsashin dutsen da ya zuba, har ya yi 'yar dariya. "In dai gidana ne, zai ɗauki abin da ya fi haka."

Ta tsayar da hannunta. "Tashi ka sa riga ka koma, ban ji komai ba. Ko kuma ka sake faɗa da ƙarfi."

Ya ɗaga murya. "Gidana zai ɗauka!"

Ta dama jinin da toka da ruwan tafki, ta watsa rabi a kan jajayen duwatsun murhu. Tururi ya tashi mai ƙarni, ya cika ɗakin, Aulis ya ji kamar mutane da yawa sun sauke numfashi lokaci guda a kunnensa. Sauran ta ɗura a ƙaho ta toshe da ƙaro, ta ce ya binne a ƙarƙashin dokin ƙofa. Bai tsaya tambayar wane gida take nufi ba, na katako ko na mutane. Ya binne kafin a taso daga coci.

Baƙin farko bayan haka wani Bajamushe ne da iyalinsa. Da sanduna biyu ya sauko daga mota, gwiwoyinsa a kumbure. Kafin mako ya ƙare yana tsere da jikokinsa a kan gada. Ranar tafiya ya jingina sandunan a bayan ƙofa ya manta da su. Ya je ya ba da labari, labari ya bazu. Masu rashin barci suka yi barci kamar jarirai. Ma'auratan da suka zo ba sa kallon juna suka koma hannu cikin hannu. Aulis ya ninka kuɗin haya, aka biya ba musu. Ya ƙara ninkawa, aka kama gidan har bazarar baɗi. Ya sayi jirgin ruwa mai inji, yana bi ta gaban ɗakunan Raimo a hankali yana ɗaga masa hannu.

Tsoho Veikko ne ke hura wa baƙi wutar ɗakin sirace, yana wanke bencin bayan sun fita. Mutumin da ke shiga daji da ƙafa yana ɗan shekara tamanin, sai ga gwiwoyinsa sun kumbura. Barci ya ƙaurace masa. Ya fara kuka ba dalili, yana neman gafarar mutanen da ba wanda ya san su. Kafin tafki ya daskare aka binne shi. Mutane suka ce tsufa ne, Aulis ma ya ce tsufa ne.

Tuovi ce ke wanke zannuwan gado. A bazara ta gaba wata mata ta zo daga birni, ramammiya, kanta ba gashi, mijinta na tallafe da ita, yaransu na tafiya a hankali kada su dame ta. Suka yi hutunsu suka tafi. Da kaka ta yi Tuovi ta fara dafe haƙarƙarinta na hagu.

Takan ce, "Kwandon wanki ne. Ka sayi jirgi, ni ka kasa saya min baya sabo."

Likita ya duba, ya daina murmushi. Aka fara kai ta asibitin birni, gashinta ya zube.

Da bazara ta dawo, sai ga matar nan ta sauko daga mota da ƙafarta, ta yi ɓul-ɓul, gashi har kafaɗa. Mijinta ya rungume Aulis yana hawaye. "Likitoci sun rasa ta cewa! Ga shi nan wurin," ya nuna haƙarƙarinsa na hagu, "sun duba, babu komai. Wurin nan naka albarka ne!"

Aulis ya tsaya riƙe da makullin gidan. Ya miƙa makullin.

Da yammar ranar ya isa tsibiri. Kerttu ta ƙara tsufa, tana zaune a rana da bargo a gwiwa.

"Ba ka kawo kofin ba," in ji ta.

"Kin cuce ni! Katako na ce!"

"Gidana ka ce. Na ba ka hanyar fita, ka ɗaga murya."

"Zan ɗauki ma'aikata daga waje, su yi wanki da shara."

Ta yi tsaki. "Ji mugu. 'Ya'yan wasu kake so su ɗauka? Jininka ne a ƙofar, ba nasu ba. Ko wa ya yi sharar, naka abin zai nema."

Ya durƙusa. "Goggo, Tuovi fa?"

"Abin da aka ɗauka an ɗauka. Amma kana da 'ya. Je ka kori baƙin nan yau, ka tone ƙahon ka jefa a tsakiyar ruwa, ka rufe ƙofar har abada. Yau na ce."

Ya tuƙo kwale-kwale da niyyar yi, wannan kam na yarda. Amma da ya iso gaɓa ya ga fitilun gidan ta cikin gilashi, yara na gasa tsiran alade a bakin wuta, ya tuna makon bikin tsakiyar bazara na tafe, makon da ya fi kowane mako tsada, wasu 'yan ƙasar Holan sun riga sun kama. Ya ce wa ransa, wannan ɗaya kawai, daga shi sai rufewa. Hilla tana jami'a a birni, nesa da nan, me zai same ta?

Hilla ta iso ranar jajibiri ba sanarwa, jaka a kafaɗa. "Inna ce ta turo ni. Ta ce in an bar ka da zanin gado, baƙi a buhu za su kwana."

"Koma wurin uwarki. Ba na son ki taka gidan can."

"Baba, tun ina 'yar sakandare nake share shi. Yau ya zama fada?" Ta sumbaci kumatunsa ta wuce da kwandon. Kalma ɗaya ta gaskiya ta isa ta tsayar da ita. Ya buɗe baki, ya ga motar baƙin ta shigo, ya rufe.

Mata da miji ne da 'yarsu. Matar ba ta gaisa da kowa ba. Mijin ya ja Aulis gefe ya ce ya yi haƙuri, ƙaramin ɗansu Teun ne ya faɗa ruwa a garinsu bara, tun ranar ba ta ƙara magana ba.

Ba a daɗe ba aka ji dariyarta daga gada. Tana iyo da 'yarta, tana kiran mijinta ya shigo.

A ranar Hilla ta ƙi cin abinci. Ta zauna a teburi tana kallon ƙofa, can ta ce, "Ina ya shiga? Yanzu yake nan da jan takalminsa."

"Wa?"

Ta dube shi da idon da ba nata ba. "Teun."

Aulis ya ruga gidan hutun da gatari, ya fasa dokin ƙofa a gaban baƙi, ya tone ƙasa da hannu har farcensa ya ɓalle. Ya ciro ƙahon, da ɗumi kamar yanzu aka cire shi daga jiki. Yana ɗagowa ya hango Hilla ta cikin gilashin. Rana tsaka ce, ruwa kwance lumui, yara na wasa a gaɓa. Tana shiga tafkin da tufafinta, tana kiran yaron da wani harshe da ba ta taɓa koya ba. Ruwa ya kai mata ƙugu, ya kai wuya. Ya yi ihu, ya yi gudu, ya faɗa ruwan. Raimo ne ya zo da jirginsa ya tsamo su duka biyu, ɗaya na numfashi.

Aulis da kansa ya kai wa Tuovi labarin a gadon asibiti, ya faɗa mata komai, har tsibirin da ƙahon. Ta saurara ba hawaye.

Ta ce, "Ka sani lokacin da ta ɗauki kwandon?"

"Na sani."

"Aulis, fita. Ka ce wa ma'aikaciyar kada a sake barinka ka shigo."

Bai sake ganin ta da rai ba.

Ya jefa ƙahon a tsakiyar tafki bayan ba sauran wanda zai tsira da jefawar. Duk abin da baƙi suka sauke tsawon shekarun nan, wanda bai sami mai ɗauka ba, ya tarar da mutum ɗaya da ya rage. Yau Aulis yana gidan kula da marasa lafiya a birni, ɗaure a kujera don kada ya ji wa kansa rauni. Wata rana ya wuni yana makokin mijin da bai taɓa aura ba, wata rana yana roƙon a kashe wutar da ba wanda ke gani. Likitoci sun ce zuciyarsa ƙalau take, zai daɗe. Wani lokaci hankalinsa kan dawo na ɗan lokaci, ya tambayi ina Hilla. Ma'aikatan sun ce wannan ne lokacin da ba sa iya tsayawa a ɗakin.

Kai da ke da abin da ya ishe ka amma idonka na kan ƙofar maƙwabci, ka ji da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ka arziki bai faɗi abin da zai karɓa ba, ba daga aljihunka zai karɓa ba. Daga teburin cin abincinka zai ɗauka, ɗaya bayan ɗaya, kuma kai zai bari a ƙarshe don ka gani. Aulis an ce masa yau, ya ce bayan biki. In kwaɗayi ya ce maka saura sau ɗaya, tashi ka dubi 'ya'yanka kafin ka amsa.