Ruwan Batir a Gindin Tut

Rana ta kusa faɗuwa a bayan gonakin audugar garin Rishton lokacin da Tursunali ya shiga tsohuwar motarsa zai ɗauko wasu fasinjoji a tasha. Muqaddas, matarsa, tana kwashe gurasa daga tanderu. 'Yarsu Zebo tana yayyafa ruwa a tsakar gida. Ya murɗa makulli. Motar ta yi ƙas, ta yi shiru. Ya sake murɗawa, fitilun gabansa suka dushe kamar an hura su, kuma a daidai nan tsuntsayen da ke kan tsohuwar bishiyar tut ta bakin ƙofa suka daina kuka gaba ɗaya.

Da safe kuwa, murɗawa ɗaya ta tashi.

Haka aka shiga. Wata rana ta tashi, wata rana ta ƙi, kuma ƙin nata bai cika zuwa ba sai rana ta yi ja. Ya kai ta wurin Usta Sobir mai gyaran wayar mota. Usta ya kankare kan batir har ya yi ƙyalli, ya ɗaure wayar da ke haɗa batir da jikin mota, ya duba fis ɗaya bayan ɗaya. Da abin ya dawo, ya kwance kik mai tayar da injin ya canza masa gawayin da ke cikinsa. Da ya sake dawowa, ya canza mazaunin makulli.

"Aka, yayana, wannan tsohuwar taka ta fi ka lafiya," in ji Usta yana goge hannu. "A gabana ko tari ba ta yi. Ko dai kai ne ba ta so?"

Tursunali bai yi dariya ba. Fasinjojinsa sun fara komawa wurin wasu.

Sai jifa ta fara. Da an kira magariba, tsakuwa za ta sauko kan rufin motar, ɗaya, sai a jima, sai wata. Babu kowa a kan katanga, babu kowa a lungu. Daga cikin rassan tut take fitowa.

"Baban Zebo, mu kira malami," Muqaddas ta ce a hankali.

"Malami? Ni za a hana cin abinci a ƙofar gidana? Ko wane ne, zai san ya taɓa ni."

Washegari ya sa gatari ya sare bishiyar da kakansa ya dasa. Ya tuttula baƙin mai a kututturen, ya cinna wuta, ya tsaya yana kallo har ya cinye.

A yammacin ranar aka nemi Zebo aka rasa. A cikin motar aka same ta, a kujerar direba, hannunta a ƙarƙashin sitiyari ta damƙe wayoyi. Idanunta a buɗe suke, amma ko an gifta hannu ba ta ƙiftawa. Tana rera wata waƙar rarrashin jariri da wata tsohuwar murya wadda ba tata ba. Maza biyu suka kasa ɓamɓare yatsunta.

Domla Eshonqul, malamin da ke koyarwa a masallacin unguwar maƙera, ya iso kafin duhu ya rufe. Dattijo ne marar yawan magana. Ya buɗe ƙofar motar, ya zauna a kujerar gefe kamar fasinja, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Gidan ya yi tsit, sai ƙaurin kututturen da ke shigowa.

Can waƙar ta tsaya.

Muryar ta ce, "Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, me yarinyar nan ta yi miki?" Domla ya tambaya.

"Ita ba ta yi ba. Tambayi ubanta abin da ya zubar a gindin tut farkon bazara, da magariba, ko bisimilla babu."

Tursunali ya dubi kututturen. Ya tuna. Ruwan wani tsohon batir ne ya juye a wurin don ya sayar da dalmar cikinsa.

"Ɗana yana kwance a nan," muryar ta ci gaba. "A fuskarsa ya sauka. Yanzu sai na riƙe masa hannu yake tafiya. Na riƙe wayar motar nan don mutumin nan ya tsaya ya tambayi kansa. Bai tambaya ba. Na yi jifa, sai ya ƙone mana gida."

"Na farko bai sani ba," in ji Domla. "Na biyu zalunci ne, zai tuba, zai dasa wata. Ki saki yarinya."

"Idanunta biyu nake so."

Muqaddas ta ƙwalla ƙara. Domla ya ɗaga murya da karatu, jikin Zebo ya riƙa karkarwa har motar tana girgiza, amma yatsun ba su saki ba.

"Kashe ni za ka iya," muryar ta ce tana haki, "amma tare da ita zan tafi. To na rage. Ido ɗaya. Na wanda ya zuba."

"Ba a ciniki da jikin ɗan Adam. Ki ji tsoron..."

"Na yarda," Tursunali ya ce.

"Rufe bakinka!" Domla ya daka masa tsawa.

Amma maganar ta riga ta fita. Zebo ta juyo da fuskarta wajen ubanta, ta yi wani murmushi da bai taɓa gani a fuskar 'yarsa ba. Sai ta yi atishawa, yatsunta suka saki, ta faɗa jikin uwarta tana tambayar me ya kawo ta cikin mota.

Domla ya ƙi shan shayin da aka zuba masa. A bakin ƙofa ya ce, "Da ka bar ni da ita. Ka riƙe addu'a, ka nisanci motar nan."

Ya nisance ta har aka gama tsinkar auduga. Jifa ta ɗauke, Zebo ta koma makaranta, ya dasa sabon tut. Amma gida sai da cefane, don haka ya koma tuƙi, motar kuwa ba ta ƙara yi masa gardama ba. Wata safiya ya buɗe bonet don ya ƙara ɗaure kan batir. Hannunsa bai yi rawa ba, ya rantse da haka har yau. Sifanar da ke hannunsa ce ta juya ta haɗa kawunan batirin biyu. Wuta ta yi tartsatsi, batirin ya fashe.

A asibitin birnin Fargona likita ya ceto idon dama. Na hagu ya tafi, tuƙi ma ya tafi da shi.

Zebo ce ke wanke masa ciwon safe da yamma. Ba ta tuna komai daga wancan yammacin, kuma an hana kowa gaya mata. Wata rana tana naɗa masa bandeji ta ce wa uban nata, "Dada, kai da ka fi kowa kula, yaya aka yi haka ta faru?"

Ya kalle ta da idon da ya rage.

"Sakaci ne, 'yata," ya ce. "Ɗaure da kyau."