Gadon da Ke Bugun Bango

A ƙasa ta farka, kumatunta manne da siminti, bakinta cike da ɗanɗanon jini. Ta taɓa harshenta, gefensa a tsage. Ta miƙa hannu ta shafa katifa... sharkaf! Mace da girmanta, uwar 'ya, ta yi fitsarin kwance! Kanta kamar ana sara da gatari, kafaɗu da cinyoyi suna tsami kamar an yi mata dukan kawo wuƙa, kuma ba ta tuna komai ba, ko da guntun mafarki. Ta haɗa kai da gwiwa tana kuka. "Ya Allah, mene ne yake bina cikin barci? Wa zan tambaya, alhali ni kaɗai nake kwana?"

Mai kwaɓi ake ce mata, don aikinta ke nan a gidan burodi: ta kwana tana kwaɓa fulawa, gari ya waye ta dawo ɗakin haya ta kwanta. Tun rasuwar mijinta take zaman kaɗaici, domin yayarsa, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta ɗauke musu 'yarsu tilo, 'Yar Baba, wai sai uwar ta samu natsuwa. Ina natsuwa za ta samu kuwa, tunda Gwaggo ta sami mai shara da wanke-wanke a ɓagas!

Bangon ɗakin nan siriri ne, ko tari ka yi maƙwabci zai ce maka sannu. A bayansa Mai ɗinki take, mace mai kunne kamar na zomo. Ita ta fara jin abin da rana tsaka: wani nishi mai ƙarfi, sai gadon ƙarfe ya hau bugun bango, gwaf! gwaf! gwaf! sannan numfashi mai gurnani. Ta ajiye almakashi, ta kai wa Gwaggo labari da ɗuminsa.

Ranar hutunta Mai kwaɓi ta ɗauki burodi mai zafi ta je ganin 'yarta, ta tarar da Baffa, babban wan marigayi, zaune fuska ba annuri. Gwaggo ta fizge burodin ta watsa wa kaji. "Yaya, dubi ƙulun goshinta! Ji yadda take magana harshe a karye kamar 'yar maye! Dare tana waje, rana tana tara maza, har gado na neman rushe bangon mutane. Wannan za a ba riƙon yarinya?"

"Wallahi Yaya, babu namijin da ya taka ɗakina..." in ji Mai kwaɓi. "Ni kaina ban san abin da ke samuna ba, farkawa kawai nake yi in ga..." Da wane baki za ta faɗa wa wan mijinta zancen katifa? Shirun nan kuwa shi ya kashe ta. Baffa ya kau da kai ya ce, "Tashi ki tafi, sai na bincika." Tana fita tana jin 'Yar Baba na kiran "Mama! Mama!" daga bayan ƙofa. A satin nan mai gidan haya ya ce ta nemi wani wuri, matan gidan suka daina amsa gaisuwarta. Ba ta rama ba, sai dai kullum ta ɗaga hannu: "Ya Allah, Kai kaɗai ne shaidata, Ka wanke ni ko don yarinyar nan."

Gwaggo ba ta ƙoshi ba, so take a kama ta dumu-dumu. Wata rana da hantsi ta tara Baffa da mai gidan haya da matan gida a ɗakin Mai ɗinki, har da 'Yar Baba ta jawo. "Ta zo ta ga ko wace ce uwarta, in huta da kukan Mama!" Ba a jima ba nishin ya taso, gado ya fara bugun bango. Gwaggo ta yi tsalle. "Kun ji ko? A ɓalle ƙofar!"

Aka ɓalle. Innalillahi... Baiwar Allah ce ita kaɗai a kan gado, jiki a sandare yana fizga, idanu sun juye, kumfa da jini na bin gefen bakinta. Kowa ya ja da baya. Gwaggo kuwa, don rashin ta ido, har ta durƙusa tana leƙa ƙarƙashin gado! Wani ya ce a kawo cokali, wata ta ce a danne ta. Sai 'Yar Baba ta ƙwace hannunta ta faɗa ɗakin da gudu.

"Kar ku sa mata komai a baki! Kar ku danne ta!" Ta tura matashi tsakanin kan uwarta da ƙarfen gado, tana kuka. "Baffa, in ya lafa ka taya ni juya ta gefe, haka Baba yake yi."

Da ya lafa, Baffa ya juya ta gefe. "Babanki ya san da wannan?"

"Shi yake goge mata baki, in ta farka ya ce mata mugun mafarki ta yi, don kar ta tsorata. Ranar da zai rasu ya riƙe hannun Gwaggo ya ce ta kai Mama asibiti, kar a bar ta ta kwanta ita kaɗai. Gwaggo ta ce in na faɗa sai ta yanke mini harshe..."

Baffa ya miƙe, hawaye na sauka cikin gemunsa. "Kin san ciwo ne? Kin sani, kika raba ta da 'yarta, kika bar ta tana kokawa da mutuwa ita kaɗai, sannan kika yi mata ƙazafi? Ki kwashe kayanki daga gidan mahaifinmu kafin rana ta faɗi. Amanar mamaci kika ci, ba ni ba ke!" Gwaggo ta buɗe baki, matan da ta tara don kallo suka raka ta da tir har bakin titi. Mai ɗinki ta zube ƙasa tana neman gafara.

A asibiti likita ya ce farfaɗiya ce mai zuwa cikin barci, kwanan zaune ne ya tsananta ta. Tsagewar harshe, jiƙewar katifa, farkawa a ƙasa da ciwon jiki, duk ita ce take barin sawunta. Ya ba ta magani, mai gidan burodi ya mai da ta aikin rana. Da ta ji abin da mijinta ya ɓoye, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar mutuwarsa. "Allah Ya jiƙanka... ka so ni, amma ka ɓoye mini jikina, ka ba maƙiyiyata ajiya."

Yanzu Gwaggo ce a ɗakin haya ita kaɗai, kuma ko gadonta zai rushe bango ba mai leƙa ta. Mai kwaɓi kuwa, tun da Baffa ya dawo mata da 'yarta, kowace safiya sai ta ji ɗan hannu a kumatunta. "Mama, buɗe baki in gani." Ta fito da harshe. 'Yar Baba ta duba dama, ta duba hagu, ta shafa katifa, sannan ta ce, "Lafiya lau. Tashi ki yi mini wanka."