Fim Ɗin da Ya Ga Rana

Da hantsin Litinin Malam Muntaka mai hoto ya kai ƙara ofishin 'yan sanda na garin Isa: an ɗauke masa kyamara. Sufeto Wada ya miƙe da sauri. Ya daɗe bai samu ƙarar da za a iya bincikawa ba tare da rakiyar soja ba.

"Wace iri ce?"

"Ta ƙarfe, mai fim, babu batir. Madubi na cikinta, in ka latsa, shi ɗaga, haske shi shiga sau guda. Yallaɓai, ba ita nika ma kuka ba. Is'haƙa na ciki."

Is'haƙa ɗan Muntaka ne. An harbe shi a hanyar Burkusuma wata biyu da suka wuce, aka tafi da babur ɗinsa da wayarsa. Hotunansa da suka rage duk suna kan fim ɗin, ba a wanke ba, don mai wankewa sai Kano.

A gidan Muntaka, Sufeto ya tarar da kwaɗon ɗakin da ake aje kyamarar lafiya lau.

"Ban san ma inda aka aje ta ba," in ji Mardiyya, matar marigayin, daga bayan labulen takaba.

Da azahar aka tsinci kyamarar a rumbun gero, naɗe cikin wankakken ɗankwali. Ɓarawon akwai tsabta.

Muntaka ya duba 'yar tagar da ke ƙirga hotuna.

"Talatin da ɗaya na bari. Ta koma sifili. An buɗe bayanta."

Sufeto ya koma bakin labule, Muntaka na biye da shi. "Malama, ɗankwalin wa ye wannan?"

Labulen ya motsa. Can ta miƙo fim ɗin, an zare shi tsawon gaba guda.

"Fuskarshi ta fara ɓace mini. Na ce in duba sau ɗaya in maida. Na ɗaga shi ga rana, ban ga kowa ba." Ta juya wajen surukinta. "Baba, in anka wanke shina fitowa, ko?"

Muntaka ya shekara arba'in yana ɓoye fim daga haske, don haske na goge hoton da ba a wanke ba. Ya karɓa, ya naɗe a hankali.

"Shina fitowa, ɗiyata."

Sufeto ya san ƙarya idan ya ji ta, aikinsa ke nan. Wannan bai rubuta ba.

"Taho zaure ki ba da jawabi," ya ce. Ta bi shi tana share hawaye, har da ɗan murmushi.