Ranar da Sallau Ya Kashe Haɗiyau

Tun safe Haɗiyau, na'urar haɗiye wari, ke gurnani a kan rufin benen kaji na Tudun Ƙarfe, hawa arba'in, kaji miliyan uku. Fankokinta su zuƙo iskar da ke tashi daga kashin kajin, su fesa mata wani ruwa, su sake ta cikin gari. Ko ɗigon zarni ba ka ji. Shekara tara ke nan Sallau yana share mata bututu.

To, abin da ba a cika faɗa ba, zarnin kawai take haɗiyewa. Amoniyar, wato iskar nan mai yaji da kashin kaji da taki ke fitarwa, tana nan daram. In ta gamu da hayaƙin injuna sai ta zama ƙurar da ido ba ya gani, ta sauka cikin huhu ta yi zamanta. A da hanci ke faɗa wa mutane. Zarni ya yi yawa, mata su rufe taga, manomi ya binne takinsa.

Matar Sallau, Kande, ta shekara biyu tana tari. Likita ya ce in ana so ta ga damina, ta riƙa ɓuya a ɗaki duk ranar da iskar ta yi kauri. Wace rana ce kuwa? Sallau ya je ya tambayi injiniyan benen.

"Baba Sallau, ma'aunin hukuma wari yake aunawa," in ji injiniyan. "Ba wari, ba matsala."

"Yallaɓai, matata fa?"

"Allah ya ba ta lafiya."

Ran Laraba da azahar Sallau ya hau rufin, ya ja makunnin na'urar ƙasa, don hanci ya sake faɗa wa mutane. Haɗiyau ta yi shiru. Kafin ya sauko, zarni ya rufe gari, mutane na toshe hanci da bakin riga, ana ta buga tagogi ana zagi. Ya sheƙa gida da gudu.

Ya tarar da Kande a tsakar gida, tana tsintar shinkafa a faifai.

"Kande, shiga ɗaki! Ba ki ji ba?"

"In ji me, Malam? Ji yadda kake haki, sai ka ce kare ya biyo ka."

"Warin nan, Kande. Gari duk ya ɗauka."

Ta ɗaga kai ta ja numfashi mai tsawo, har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Ni fa iskar yau ma daɗi ta yi mini."

Gidansu ne mafi kusa da benen. Feshin shekara tara ya riga ya kashe mata hanci.

Kafin la'asar aka kunna na'urar, unguwa ta ɗauki tafi, aka sallami Sallau. Kande ba ta ga ruwan farko ba. A zaman makoki, 'yan'uwanta da suka zo daga ƙauye suka yi ta jinjina wa garin. Kaji miliyan uku, wai, amma ko zarni babu.